Gishirin hoto: kaurin launi da abin da ake yi wa ƙasarmu da shi

A cikin kowace salula mai ɗaukar hoto, da kowace kwamfuta da ake gyaran hoto da ita, akwai wani ɗan layi mai maɓalli a tsakiya, wanda masu Faransanci ke kira saturation. In aka ja maɓallin dama, ja ya ƙara ja, shuɗi ya ƙara shuɗi, ganye ya yi tsanwa shar ko da a watan Maris aka ɗauke shi. In aka ja shi hagu, launuka su riƙa koɗewa har hoton ya koma baƙi da fari. Hausa ba ta tsayar masa da suna ba tukuna. A nan za mu kira shi kaurin launi, kamar yadda ake cewa kunu ya yi kauri ko ya tsinke, domin kunun ɗaya ne, yawan ruwan ne ya bambanta. Aikin daƙiƙa biyu ne, yaro ma yana yin sa. Amma da wannan ɗan maɓalli ne ake sake wa ƙasa fuska kafin a nuna ta ga wanda bai taɓa ganin ta ba, shi ya sa ya cancanci malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su dube shi da idon basira.

Ko da yake sunan baƙo ne, abin da yake nufi ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Harshen yana da matakala tasa ta auna launi. Akwai ja, akwai ja wur, akwai kuma ja-ja, wato wanda ya ɗauko hanyar ja bai kai ba. Akwai tsanwa shar, akwai tsanwa-tsanwa. Da ƙarin kalma guda mai magana ke ƙara kauri, da ninka kalma kuma yake rage shi. Marina sun fi kowa sanin wannan. Zanen da aka tsoma sau ɗaya a cikin baba yakan fito shuɗi mai haske, wanda aka yi ta tsomawa ana shanyawa yakan tafi har ya kusa baƙi, in kuma ya je wurin masu bugu aka buga shi da shuni sai ya ɗauki ƙyalli mai ɗan ja-ja, irin na rawanin ɗan Kura da Abzinawa ke sayen sa da tsada. Kowane mataki da sunansa da kuɗinsa a kasuwa. Mai saye ya san rinin da ya kama da wanda zai zuba a wankin fari. Jama'ar da ta yi ƙarnuka tana rarrabe shuɗi daga shuɗi ba ta buƙatar a koya mata cewa launi yana da daraja hawa-hawa. Abin da ya rage ta sani shi ne yadda na'ura ke rushe waɗannan hawa.

Ga yadda abin yake. Idon kamarar zamani faranti ne mai miliyoyin ƙananan ɗigo, kowane ɗigo yana auna yawan hasken da ya faɗo masa, ba ya ganin launi. Don a samu launi sai aka rufe ɗigogin da matata uku, ja da tsanwa da shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabin ɗigogin tsanwa, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Daga nan lissafi ne. A hoton da aka saba aikawa, irin wanda ake kira JPEG, kowane ɗigo lamba uku ne, kowace daga 0 zuwa 255. A ɗauki misalin bangon laka da rana ta haska: a ce ja 168, tsanwa 124, shuɗi 92. Tazarar da ke tsakanin babbar lamba da ƙaramar ita ce kaurin. In lambobin uku suka daidaita, bango ya zama ruwan toka. In aka ja maɓalli dama, babbar ta hau, ƙaramar ta sauka, a samu wajen 200 da 115 da 55, bangon Birni ya koma kalar lemo. To amma hawan yana da iyaka. Da zarar ja ya kai 255 babu sauran wurin zuwa, duk ɗigogin da ke kusa da shi su tarar da shi a can, su zama abu guda. Jan da ke da zurfi, da jan da rana ta ci, da jan da inuwa ta rufe, duk sun haɗe. Hoton ya ƙara ɗaukar ido, labarin da ke cikinsa ya ragu, kuma in aka adana shi a haka aka share na asali, babu maɓallin da zai dawo da abin da ya ɓace.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kafin kwamfuta hoto gaskiya tsantsa ne. Tun zamanin fim, launi zaɓi ne da wani ya yi a masana'anta. Kodachrome, wanda ya fito a 1935 aka daina yin sa a 2009, yana da jansa da aka san shi da shi. Fujifilm ya fito da Velvia a 1990, masu ɗaukar hoton daji da tsaunuka suka rungume shi don yana ba da launi mai kauri fiye da abin da ido ya gani. Akwai kuma wanda ya fi shafar mu. Shekaru da dama gidajen wanke hoto suna daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai hoton baturiya, wanda aka laƙaba wa suna Shirley. In fatarta ta fito daidai, an ce inji ya daidaita. Baƙar fata kuwa sai yadda ta fito. Lorna Roth, wata mai bincike a Kanada, ta nuna a 2009 cewa daga cikin abin da ya sa aka gyara fim don ya rarrabe launuka masu duhu har da koken masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a 2021 kamfanin Google ya fito yana tallar cewa salularsa Pixel 6 an horar da ita ta ga baƙar fata yadda take. Yau ma, salular da ke aljihunmu ba ta jiran a ja mata maɓalli. Tana gane sama ta ƙara mata shuɗi, ta gane ciyawa ta ƙara mata tsanwa, kafin mai ita ya ga hoton. Saboda haka babu hoton da ba a taɓa ba. Tambayar da ta rage ita ce nawa aka ƙara, wa ya ƙara, kuma don idon wa.

Wanda ya tattara hotunan Nijar da ke yawo a kalanda da littattafan yawon buɗe ido da intanet zai ga kamar ƙasa biyu ce. Ta farko ƙasar biki ce. Sama shuɗi ne mai zurfi kullum, yashin Tenere ruwan zuma, hasumiyar masallacin Agadas ja kamar garwashi, rawanin Ba'abzine yana ƙuna. Abin da ya ɓace daga wannan ƙasa shi ne hazo. Wata uku ko huɗu a shekara iskar hunturu na kwaso ƙura daga arewa maso gabas, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa ta a kan garuruwanmu. Ƙurar nan tana watsa haske, ta sa sama ta yi fari-fari, rana ta zama kamar faifai, inuwa ta yi laushi, kowane launi ya sauko mataki ɗaya ko biyu. Wannan shi ne hasken da manomi ke sussuka a cikinsa, shi ne hasken da yara ke tafiya makaranta a cikinsa da rigar sanyi. Yana da kyaunsa, kuma duk wanda ya ga garken shanu na fitowa daga hazo da hantsi, ƙaho kafin jiki, ya san haka. Amma mai gyaran hoto yana kallon sa a matsayin aibi. A 2015 ma kamfanin Adobe ya ƙara wa manhajarsa Lightroom wani maɓalli na musamman na cire hazo. An yi shi don mai hoton da hazo ya ɓata wa rana guda. In aka ɗora shi a kan ƙasar da hazo yake ɗaya daga cikin lokutan shekararta, sai ya share lokacin ɗungum.

Babu inda wannan ya fi fitowa kamar hotunan Gerewol na Wodaɓe, da na taron gishiri na Ingal da ake yi a ƙarshen damina. Tun bayan littafin Carol Beckwith da Marion van Offelen a kan makiyayan Nijar, wanda ya fito a 1983, fuskar saurayin Bororo da kwalliyarsa ta zama ɗaya daga cikin hotunan da duniya ta fi sanin ƙasar da su. Beckwith ta daɗe tana zama da mutanen, kuma littafinta bai tsaya ga rawa ba, akwai rijiya da ƙaura da rani a cikinsa. Waɗanda suka biyo baya da kamarar zamani da mako guda na hutu, da yawansu fuskar kaɗai suka ɗauka, suka kuma ja maɓalli. Kwalliyar nan ƙasa ce ake niƙawa a shafa, ja ko rawaya, kuma jan ƙasa yana da duhu da ɗan ƙura a cikinsa, yana canzawa yayin da gumi ya ratsa shi bayan an yi sa'o'i ana rawa a rana. A hotunan da aka ƙara wa kauri, ya zama jan fenti mai santsi, fuskar mutum ta koma kamar abin rufe fuska da aka saya a kanti. Gajiyar ta tafi, gumin ya tafi, wato aikin da saurayin ya yi don ya yi kyau an cire shi, an bar wa mai kallo launi zalla.

Ƙasa ta biyu ita ce ta kiran agaji, kuma a nan hagu ake jan maɓalli. Launi ya koɗe, komai ya yi ruwan ƙasa ko ruwan toka, zanen atamfar uwa da ke riƙe da ɗa ya dushe kamar ya shekara goma a rana. Masu fim na Amurka sun daɗe da wannan dabara: in labari ya tsallaka Mekziko sai hoto ya yi rawaya, kamar yadda aka yi a fim ɗin Traffic na shekarar 2000, mai kallo ya gane an shiga ƙasar zafi da hatsari. Abin da ke damun mai tunani a nan shi ne dabarar tana koyar da abin da ba haka yake ba. Kowane ɗan ƙauye ya san yunwa ba da rani take tsananta ba. Tana tsananta ne a tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin sauro kuma ya kama yara. A 2005, lokacin da ƴan jaridar duniya suka cika Maraɗi, cikin watannin nan ne, gero na tsaye a gona tsanwa shar, hatsi kuma na nan a kasuwa ga mai kuɗin saye. Hoton da ya bar tsanwar yadda take zai tilasta wa mai kallo ya tambaya yaya aka yi yaro ya rame a tsakiyar wannan albarka, tambayar kuwa za ta kai shi ga farashi da bashi da asibiti. Hoton da aka koɗar ya riga ya ba shi amsa mai sauƙi: ƙasar ce busasshiya, haka Allah ya yi ta.

Su kansu ma'abota sana'ar sun yi ta jayayya a kan iyakar abin. A 2009 alƙalan gasar hoton shekara ta ƙasar Danmak sun kori hotunan da Klavs Bo Christensen ya ɗauko a Haiti, bayan sun nemi na asali sun kwatanta. Bai ƙara kowa ba, bai cire kowa ba, launi da haske kawai ya matsa wa, amma suka ce ya wuce gona da iri. A 2015 gasar World Press Photo ta fitar da kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya saɓa ƙa'ida. A 2016 kuma aka taso wa Steve McCurry, mai shahararren hoton yarinyar Afganistan, bayan an ga alamun gyara a wani hotonsa na Kyuba a wani nuni a Italiya, har ya ce shi yanzu mai ba da labari ne da hoto, ba ɗan jarida ba. A shekarar nan ce marubuci Teju Cole ya soki hotunansa na Indiya, yana ganin sun yi kyau fiye da kima, sun zaɓi Indiyar da baƙo ke mafarki sun bar wadda mutane ke rayuwa a ciki. Sukar Cole ta fi ta alƙalan gasa zurfi. Su suna tambayar ko an karya doka. Shi yana tambayar wace ƙasa ce aka ƙera, kuma ana iya ƙera ta ba tare da an karya dokar kowa ba.

To, shin duk ƙarin launi ha'inci ne? A'a. Bahaushe ya san ado, ya kuma san ba ƙarya ba ne. Amaryar da aka yi wa lalle da tozali ba ta yaudari kowa ba, kowa ya san ranar ado ce. Gidan hoto ma tun asali wurin ado ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe nasa a Bamako a 1948, yakan ara wa mai zuwa agogo ko rediyo ko babur ya tsaya da shi. Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar Venis a 2007, da Philippe Koudjina da ya ɗauki daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, samari da ƴan mata suka ɗauka a ranar da suka fi son a gan su. Da baƙi da fari aka san aikinsu, amma manufar ɗaya ce da ta mai hoton biki na yau da ke ƙara wa leshin uwar amarya haske: wanda ke cikin hoton shi ya biya, shi ya zaɓa, shi zai rataya a ɗakinsa. Gishirin da mai miya ya sa wa miyarsa ba ruwan kowa. (Sai dai a nan ma akwai abin cewa, domin yawancin masu gyaran hoton biki ba su tsaya ga tufafi ba, sukan haskaka fata har baƙa ta koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ta koma fara, ba tare da an tambaye su ba. Wannan katin Shirley ne ya dawo ta hannunmu, kuma magana ce mai zaman kanta.)

Inda abin ya zama matsala shi ne hoton shaida, kuma a nan ne ya shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye. Ƙungiyoyinmu sun shiga aikin tattara gado: zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013, masallacin Yama na jihar Tawa da magini Falke Barmu ya gina har ya samu lambar Aga Khan a 1986, aikin dukawa, tukwane, saƙa, sirdi da kayan doki. Yawancin waɗannan abubuwa ba su dawwama. Bango na laka ne, damina na cin sa, ana yaɓe, ana sake shafe, wani lokaci a rushe a sa siminti. Nan da shekara talatin, maginin da zai so ya mayar da zanen wata ƙofa yadda take ba shi da abin dubawa sai hoton da wani malami ya ɗauka da salularsa. In hoton ya ce shuɗin bula ne mai ƙuna alhali shuɗi ne mai sanyi da aka haɗa da farar ƙasa, magini zai je kanti ya sayo fentin da ya dace da hoton. Daga nan bango ya bi hoto, wani ya zo ya ɗauki sabon bangon ya ƙara masa nasa kaurin. Muna cewa gani ya kori ji, amma tsohuwar da ta ce ba haka launin yake ba ita ce mai gaskiya, kuma ba za a saurare ta ba domin ga hoto.

Haka abin yake ga jar akuyar Maraɗi, wadda launin gashinta na daga cikin abin da ake gane asalinta da shi, ko ga fatar da dukawa suka rina, ko ga matakan shuɗin da aka ambata a baya. Littafin makaranta da ya nuna su duka da launi ɗaya mai ƙuna ya koya wa yaro cewa kakanninsa launi huɗu suka sani.

Maganin ba shi da tsada. Hoton da aka ɗauka don ajiya a bar na asalinsa ba a taɓa ba, in za a gyara a gyara kwafi, a kuma sa masa suna da zai nuna an gyara. A kashe duk wani tace da ƙarin kyau da salula ke yi da kanta, gwargwadon yadda ta yarda a kashe. A ɗauki hoto ɗaya da farar takarda a gefen abin, domin wanda zai duba daga baya ya san yadda fari ya fito a hasken ranar, ya auna sauran da shi. A rubuta wata da lokaci, tun da bangon da aka ɗauka da hantsin Janairu da wanda aka ɗauka da la'asar ɗin Satumba ba launi ɗaya ba ne, kuma dukansu gaskiya ne. In za a aika ta WhatsApp a aika shi a matsayin takarda, don in aka aika a matsayin hoto manhajar na matse shi ta zubar da wani abu. Wanda kuma ya ga lalle sai ya ƙara, to ya ƙara kaɗan, ya sa ido a kan fatar mutum da kan duk abin da yake ja, domin su ne ke fara lalacewa, ya tsaya tun yana iya ganin zaren saƙa a cikin jan zane.

Malamin da ke da salula ɗaya da aji mai ɗalibai sittin yana iya koyar da wannan duka cikin sa'a guda. Ya ɗauki bangon makarantar, ya yi kwafi uku, ɗaya yadda yake, ɗaya an ja dama, ɗaya an ja hagu. Ya zagaya da su, ya ce kowa ya rubuta da Hausa sunan launin da ya gani a kowane, da irin labarin da zai yi tsammanin ji game da garin da ke da wannan bango. Sa'an nan ya fitar da su waje su tsaya gaban bangon, su nemo masa suna.